Birnin Faris, Inda Ake Zana Ƙara A Taswira

Birnin Faris yana da taswira iri-iri. Baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord, ko a filin jirgin sama na Charles de Gaulle, ba zai rasa wadda za a miƙa masa kyauta ba: ga ta jiragen ƙarƙashin ƙasa, ga ta gidajen tarihi, ga wadda ke nuna hanyar zuwa hasumiyar Eiffel da fadar Louvre. Amma akwai wata guda wadda ba a miƙa wa baƙi, ko da yake ba ɓoye ta aka yi ba, kowa yana iya buɗe ta a intanet. Ita ce taswirar ƙara. A cikinta an shafa wa kowane titi da kowace unguwa launi gwargwadon hayaniyar da ke shiga kunnen mazauna wurin. Inda ke da sauƙi kore ne, daga nan sai rawaya, sai ruwan goro, sai ja, inda abin ya ƙazanta kuwa shunayya ne mai duhu.

Abin da ido zai fara kamawa a taswirar nan shi ne wani zobe mai duhu da ya kewaye birnin kaf, kamar an ɗaura masa ɗamara. Wannan zoben hanya ce ta motoci, Faransawa suna ce mata Périphérique, tsawonta kilomita 35, motocin da ke binta kuwa sun haura miliyan guda a kowace rana.

Wurin da hanyar ta bi yana da tarihi. A can ne ganuwar Faris ta ƙarshe take a da, wadda aka gina daga 1841 zuwa 1844 don tsoron abokan gaba. Da aka ga ba ta da sauran amfani, sai aka fara rushe ta a 1919. Ganuwa ta tafi, sunayen ƙofofinta suka zauna, har yau ana cewa Porte de Vincennes, Porte de Bagnolet, Porte de la Chapelle, kamar dai yadda mutumin Kano ke kwatance da Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa ko da babu sauran badala a gefensu. A filin da ke bayan ganuwar talakawa suka kafa bukkoki na katako da kwano, masu tsintar tsumma da waɗanda tsadar haya ta koro daga cikin gari. Daga baya hukuma ta gina dogayen benaye na jan bulo masu arahar haya a inda ganuwar ta tashi, cikin shekarun 1920 da 1930. Sa'an nan a 1958 aka fara aikin hanyar, aka buɗe ta gaba ɗaya ran 25 ga Afrilu 1973. Watau gidajen sun riga hanyar zuwa, a ƙarƙashin tagoginsu aka shimfiɗa ta.

Wanda ya zagaya hanyar zai lura da wani abu. A yamma, ta wajen dajin Boulogne da unguwannin masu hali, sau da yawa hanyar takan nutse ƙarƙashin ƙasa, ta ɓace wa ido da kunne, ta ɓullo can gaba. A arewa da gabas kuwa yawanci a buɗe take, wani wuri ma a kan gadar sama take tafe, daidai da tagar mai barci a hawa na uku. A Porte de Bagnolet, inda babbar hanyar A3 ta haɗu da ita, gadoji ne kan gadoji sun sarƙe da juna. Ƙarar wurin ba ta da farko ba ta da ƙarshe, wani irin gunji ne mai kama da na ruwan sama a kan rufin kwano, sai dai shi ruwa yakan ɗauke. Mazauna wurin sun shekara talatin suna faɗin haka. To, amma ƙara ba ta barin sawu. Hayaƙi yakan baƙanta bango, shara takan taru a gani, ita kuwa da ta wuce shi ke nan, in mai bincike ya zo da hantsi, abin da ya hana mutum barci da ƙarfe uku na dare ya riga ya tafi. Kukan mutum ɗaya sai ya zama maganar fatar baki, a ce ai shi ne mai ƙaramin haƙuri.

Abin da ya canja al'amarin wata doka ce ta Tarayyar Turai ta shekarar 2002. Dokar ta wajabta wa ƙasashen Tarayyar su zana taswirar ƙara ta kowane birni mai mutum fiye da 100,000, da kowace hanya da motoci fiye da miliyan 3 ke bi a shekara, da kowane layin dogo mai jirage fiye da 30,000, da kowane filin jirgin sama mai tashi da sauka fiye da 50,000. Tilas ne a sabunta taswirar duk bayan shekara 5, a nuna wa jama'a, kana a fito da shirin da za a bi don rage abin da aka gani. An fara da manyan birane, wa'adinsu 2007. Faris ta riga wa'adin, tun a farkon shekarun 2000 ta fid da tata.

Mai karatu zai zaci ma'aikata ne ke bin titi-titi da na'ura suna aunawa. Ba haka ake yi ba, don ko da an tara duk masu awon ƙasar Faransa ba za su iya tsayawa gaban kowace taga shekara guda cur ba. Lissafi ake yi da kwamfuta. Ana ba ta yawan motocin da ke bin kowane titi, da kason manyan motoci a cikinsu, da gudun da suke yi, da irin kwaltar da aka zuba, da tudu da gangare, da tsayin kowane gini. Ita kuma sai ta bi ƙarar daga tayar mota har inda ta isa, inda ta bugi bango ta dawo, inda katanga ta tare ta, inda iska da ƙasa suka shanye ta. Ana lissafin ne a tsayin mita 4 daga ƙasa, watau wajen tagar hawa na farko. Bayan an gama sai a kafa na'urori a wasu zaɓaɓɓun wurare a gwada, a ga ko lissafi ya dace da abin da ke akwai.

Sunan ma'aunin ƙara desibel, an samo shi daga sunan Alexander Graham Bell, mutumin nan na wayar tarho. Raɗa takan kai kamar 30, hira ta yau da kullum kamar 60, babban titi mai cunkoso 70 zuwa 80, a wajen 120 kuwa kunne yakan fara ciwo. Amma ma'auni ne mai wuyar sha'ani, ba ya bin lissafin kasuwa. In injin guda yana ba da desibel 60, aka tayar da na biyu irinsa a gefensa, 63 za a samu. Ashe ke nan in an raba motocin titi biyu aka kawar da rabi, desibel 3 kaɗai za su ragu. Kafin kunne ya ji ƙara ta ragu da rabi kuwa, sai an rage wajen desibel 10, watau sai an kawar da mota tara cikin goma. Ga kuma wani ƙari: dokar ta ce a raba yini uku, a Faransa rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, maraice zuwa 10 na dare, dare zuwa 6 na safe. Ƙarar maraice a ɗora mata desibel 5, ta dare a ɗora mata 10, don sun fi cutarwa, sa'an nan a haɗa duka a fitar da lamba guda ta shekara. Wannan lambar ce ake mayarwa launi.

Tsarin ginin Faris shi kansa yana ba masu lissafi wahala. Manyan titunan da Haussmann ya keta daga 1853 zuwa 1870 suna tsakanin benaye ne masu hawa shida a jere, manne da juna, ƙara takan shiga tsakaninsu ta yi ta kai da komowa kamar a cikin rijiya. Amma a bayan kowane bene akwai tsakar gida, in mutum ya shiga ƙofar ya rufo, sai ya ji tsit har yana jin takun kansa. Maƙwabta biyu a bene guda, ɗaya ɗakin kwanansa na kallon titi, ɗaya na kallon tsakar gida, bambancin da ke tsakaninsu yana iya kai desibel 20. A taswirorin farko akan ƙidaya duk mutanen bene a bangon da ya fi shan ƙara, abin da ya sa adadin ya kan yi yawa. Kowace ƙasa kuma da irin lissafinta, har ba a iya gwada taswirar Faris da ta Balin. Sai daga ƙarshen 2018 aka wajabta hanyar lissafi guda ga duk ƙasashen Tarayyar.

Duk da haka taswirar ta yi aikinta, gani ya kori ji. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar motoci ta wuce desibel 53 a wannan ma'auni na yini, kada kuma ta wuce 45 da dare. Iyakar da dokar Faransa ta sa 68 ce da 62, tazarar kuwa ba kaɗan ba ce in an tuna yadda desibel ke hawa. A 2019 cibiyar Bruitparif, wadda hukumar yankin Faris ta kafa a 2004 don sa ido kan ƙara, ta ɗora taswirar a kan ƙidayar jama'a da binciken likitoci. Ta samu cewa a ɓangaren yankin da ya fi cunkoso, mai mutum kamar miliyan 10, ana asarar shekarun ƙoshin lafiya 107,766 a kowace shekara saboda ƙarar motoci da jirage. In an raba, kowane mutum yana asarar kusan wata 11 a tsawon rayuwarsa, a wasu garuruwan da ke kusa da filayen jirgin sama kuwa har shekara 3. Rashin barci ne babban dalili, sai damuwa, don jiki ba ya sabawa da ƙara ko da mai jikin ya ce ya saba, bugun zuciya yakan tashi alhali mutum na barci. A 2021 hukumar kula da muhalli ta ADEME ta ƙiyasta cewa ƙara tana jawo wa Faransa asarar Yuro biliyan 147 a shekara.

Sai dai akwai abin da taswirar ba ta gani, mutanen tsakiyar gari ne kuwa suka fi kuka da shi. Lambar da ke taswira matsakaici ce ta shekara. Manomi ya san ruwan da ya sauko rana guda kamar da bakin ƙwarya da wanda ya rarrabu cikin wata, ko da ma'aunin ruwa ya ce daidai suke, ba ɗaya ba ne a gona. Haka ƙara take. Titin da ya kwana shiru, in ban da babura uku da suka keta shi tsakar dare, matsakaicinsa zai fito da sauƙi, alhali kuwa sau uku aka tashi mai barci. Bugu da ƙari, motar da ke cikin lissafin kwamfuta mota ce mai ladabi, salansarta lafiya lau, tana bin ƙa'idar gudu, ba ta danna ham. Babu jiniyar 'yan sanda a ciki, babu mai sauke kaya da asuba, babu hirar mashaya. Shi ham ɗin ma tun 1954 shugaban 'yan sandan Faris André Dubois ya hana danna shi cikin gari sai bisa larura, har aka yi masa laƙabi da shugaban shiru, amma wanda ya taɓa tsayawa a dandalin Bastille da yamma ya san inda hanin ya tsaya. Bruitparif ta taɓa lissafa cewa babur guda da aka fasa wa salansa, in ya ratsa Faris da dare, yana iya tayar da mutum 10,000 daga barci.

Don kama irin wannan ƙarar ne cibiyar ta ƙera wata na'ura da ta sa wa suna Méduse, sunan wata halittar teku mai kama da laima da ƙafafu masu reto, don siffarsu ta zo ɗaya. Wanda ya bi gaɓar Canal Saint-Martin, mashigin ruwan nan da samari ke cika bakinsa da daren bazara, ko ya shiga ɗan dandalin Sainte-Catherine a tsohuwar unguwar Marais, in ya ɗaga kai zai iya ganinta a jikin falwaya. Tana da makirufo huɗu. Da yake ƙara ba ta isa gare su lokaci guda, daga ɗan bambancin da ke tsakani na'urar ke gane inda ƙarar ta fito, tana kuma yin haka sau goma a cikin daƙiƙa guda. Akwai kyamara a jikinta mai ɗaukar hoton kewayen wurin lokaci-lokaci, a dusashe fuskokin mutane, sa'an nan a ɗiga launi a kan hoton daidai inda ƙarar ta fi fitowa. Ba ta naɗar maganar kowa, ƙarfin sauti kaɗai take aunawa.

Amfaninta a fili yake ga wanda ya san rigimar waɗannan unguwanni. Tun da aka hana shan taba cikin gidajen shan gahawa da mashaya a Janairun 2008, masu sha suka koma bakin ƙofa, bayan annobar 2020 kuma aka ƙyale masu gidajen su baza kujeru har kan titi a watannin zafi. Mai gidan sama ya ce mashayar ƙasa ce ta hana shi barci, mai mashaya ya ce ba shi ba ne, na kusa da shi ne, ko kuwa masu wucewa. A da sai dai a yi ta musu. Yanzu sai a buɗe hoton ƙarfe ɗaya na dare a ga ƙofar da launin ya taru. Wani lokaci mai mashayar ne ma ke fita da gaskiya. An kafa irin na'urar a wuraren manyan gine-gine. An kuma ƙera wata babbarta, Hydre, mai ɗaukar lambar abin hawan da ya wuce ƙima, aka fara gwada ta a 2022 a titin Avron da titin Cardinet, da niyyar a riƙa cin tarar Yuro 135. Shekara biyu bayan fara gwajin ba a ci kowa tara ba, don kafin alƙali ya karɓi shaidar na'ura sai an tabbatar ba za ta ɗora wa mai mota laifin mai babur da ke gefensa ba.

Awo dabam, fahimtar da jama'a dabam. In an ce wa tsohuwa titinta yana da desibel 67, ba a gaya mata kome ba, in kuma an ce an rage 3 za ta ce wasa ake yi da ita. Saboda haka daga 2011 zuwa 2014 Bruitparif da takwararta Acoucité ta birnin Lyon suka tsara wani ma'auni mai sauƙi, Harmonica, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 10 kamar makin ɗan makaranta. Kafin su tsayar da shi sai da suka tambayi mazauna unguwanni, suka kuma sa wasu saurare a ɗakin gwaji. Kowace sa'a tana da zanenta: a ƙasa wani dogon akwati mai nuna gunjin da ba ya yankewa, a kansa wani tsini mai kusurwa uku mai nuna ƙarar da ke zuwa farat ɗaya. Launi uku ne kawai, kore da ruwan goro da ja, da dare kuma ja ya fi saurin fitowa. Zanen bakin Périphérique akwati ne dogo da ɗan guntun tsini. Na ƙauyen da jiragen sama ke bi ta kansa akwati ne gajere da tsini kamar mashi. A tsohuwar taswira wuraren nan biyu suna iya samun launi guda, a nan kuwa ko yaro ya san ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Ma'aunin bai kawar da desibel ba, dokoki har yanzu da desibel suke magana, kuma wannan rashi ne, don abin da jama'a suka fi ganewa ba shi ke ɗaure hukuma ba.

A kan Périphérique ɗin an gwada magunguna. An rufe wani yanki nata a Porte des Lilas aka yi lambu a kai, an gwada kwalta mai shanye ƙara a Porte de Vincennes a 2012, an rage gudu daga kilomita 80 zuwa 70 cikin sa'a a 2014. A Oktoban 2024 magajiyar garin ta lokacin, Anne Hidalgo, ta mayar da shi 50, shugabar yankin Valérie Pécresse ta ƙi amincewa, ta ce a zuba sabuwar kwalta ya fi a wahalar da ma'aikatan da ke shigowa daga bayan gari. Dukansu biyu da alƙaluman awo suka yi gardama. Na'urorin da ke bakin hanyar sun nuna ragin desibel 2 zuwa 3 da dare. Da rana ragin bai kai haka ba, don dama cunkoso ba ya barin mota ta yi gudu.

Inda layin taswira ya fi zama kuɗi a aljihu kuwa sai an fita kudu da birnin, wajen filin jirgin sama na Orly. Garin Villeneuve-le-Roi yana daidai bakin titin da jirage ke tashi, ƙananan gidaje ne masu jan rufi da 'yan lambuna, da yawansu sun girmi jirgin sama mai injin jet. Jirgi yakan wuce ƙasa-ƙasa har a karanta rubutun jikinsa, masu hira a kasuwa su yi shiru tsakiyar magana, in ya wuce su ci gaba daga inda suka tsaya. Tun 1968 aka hana tashi da sauka a Orly daga ƙarfe 11 da rabi na dare zuwa 6 na safe, a 1994 kuma aka ƙayyade gurabun tashi da sauka kada su wuce 250,000 a shekara. Filin Charles de Gaulle da ke arewa ba shi da irin wannan hani na dare.

Kowane babban filin jirgin sama a Faransa yana da tasa taswirar ta musamman, mai da'ira uku, ta waje tana tsayawa ne a desibel 55. Kamfanonin jirage suna biyan haraji a kan kowane tashi, gwargwadon nauyin jirgi da ƙararsa da lokacin da ya tashi, da kuɗin ne ake taimakon masu gidajen da ke cikin da'irar su sa tagogi masu gilashi biyu, su toshe rufi. Wanda gidansa ya faɗa waje da layin ba shi da rabo, ko da titi guda ne tsakaninsa da wanda ya samu, jirgi ɗaya kuma ke wucewa a kansu. Shi ya sa duk lokacin da za a sake zana da'irar, magadan gari da ƙungiyoyin mazauna ke zuwa taro da nasu alƙaluman, suna neman a matsa layin gaba da titi ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a shawararta ta 2018 desibel 45 ta sa wa jiragen sama, in da a nan aka ja layin, da da'irar ta haɗiye garuruwan da yanzu suke can nesa da ita.